Zarni, Taki Ne Ke Gudu

Da sunan Allah da ya halicci abin da ido ke gani da abin da ya fi ƙarfin ido, ya ba kowanne aikinsa da ajalinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, yayana ya rasu, kuma ina tsoron kada a manta da irin mutumin da aka yi. Mu Fulani Hamma muke kiran yaya. 'Ya'yanmu Baffa suke ce masa, mutanen gari kuwa, daga Kafanchan har Kachia, Baba Dokta. Ni dai Hamma zan ce, don bakina bai saba da wani suna ba.

Ya cika ne damina tana naɗe tabarmarta, citta ta kusa haƙa. Ban taɓa zaman makoki mai yawan dariya kamar nasa ba, kuma kowace dariya da hawaye a gindinta. Tsofaffin ɗalibansa sun zo daga jami'o'i, wasu furfurarsu ta fi tawa. Wata daga cikinsu, wadda aka ce mini yanzu ita ma farfesa ce, ta durƙusa gaban matarsa, wadda muke kira Adda, ta ce, "Mama, mutumin nan ya sa na maimaita aiki ɗaya har na tsane shi. Yau da aikin nan nake koyar da 'ya'yan mutane."

Adda ta share ido ta ce, "'Yata, ke na ɗan lokaci kika sha. Ni fa da na aure shi?"

Faston ƙauyenmu ya cire takalmi ya zauna kusa da liman. Ya ce, "Ubangiji ya ba shi hutawa. Kun san abin da ya yi mini? Na watsa takin yuriya a gonan coci, a kan ciyawan da muka rufe citta da shi, rana yana duka. Sai ga Baba Dokta a bakin gona, ya ɗaga hanci sama. Ya ce, Fasto, takinka ya riga addu'arka isa sama." Liman ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, sa'an nan ya tuna inda yake, ya ce a yi salati.

Ni kuwa ina amsa gaisuwa, idona yana kan hanya. Akwai mutum ɗaya da nake jira, kuma duk wanda ke kan tabarmar nan ya san wa nake jira, ya san dalili.

Garkenmu ba shi da wurin kwana da rani sai gonar Ticha. Ticha abokin Hamma ne tun firamare, Kirista, tsohon hedimasta, ya riga shi tafiya. Gonar tana hannun matarsa, wadda duk muke ce wa Mama, amma magana ta koma bakin babban ɗansu, ma'aikacin gwamnati a Kaduna. Shi kuwa bara ya faɗa a gaban mutane cewa muddin Baba Dokta yana da rai, shanu su kwana. Ranar da babu shi, a nemi wani wuri. Wani wurin kuwa babu shi a kusa, don filayen da muka sani duk sun zama gonaki da gidaje. In aka hana mu, babban ɗana, wanda garken ke hannunsa, zai kora shanu can kudu, da matarsa da jikokina. Na ga waɗanda suka tafi haka, ba sa dawowa. Sai a bar ni da Adda, tsofaffi biyu a rugar da ba saniya. Mama ta zo tun da aka yi jana'iza, ta yi kuka, ta kawo doya. Ɗanta bai zo ba.

Bari in bar shi a hanya, in koma kan Hamma.

Duk wanda ya san shi, da hancinsa ya san shi. Ba ya wuce gona ko makwancin shanu bai tsaya ya shinshina ba, kamar mai sayen turare. Yara suna kwaikwayonsa a bayansa, ya sani, bai damu ba. In ya ji zarnin nan mai hawa ido, sai ya girgiza kai ya ce, "Zarni, taki ne ke gudu." Wannan magana ta bi gari har masu sayar da takin zamani a kasuwar Kachia suna faɗarta ba su san mai ita ba.

Tun muna yara abin ya kama shi. Shanun mahaifinmu a gonar mahaifin Ticha suke yin rani, kamar yadda aka saba tun kakanni: manomi ya kwashe amfaninsa, makiyayi ya shigo da garke, shanu su ci kara su bar taki, kowa ya samu. Da safe muna tatsa, Hamma ya tambayi mahaifinmu me ya sa fitsarin saniya ba ya zarni in ya zuba a ƙwarya mai tsabta, sai in ya haɗu da kashi a ƙasa. Mahaifinmu ya ce, "Kai, yaron nan, mutane suna tambayar aljanna da wuta, kai kana tambayar fitsari!" Ni aka kai ni gaban malami na riƙe allo, har na iya rubutun ajami da nake wannan rubutu da shi. Hamma kuwa, mahaifin Ticha ne ya roƙa aka ba shi shi, ya sa shi makaranta tare da ɗansa. Tambayar nan ta fitsari ita ta kai Hamma jami'a, ta ƙetare da shi teku zuwa ƙasar sanyi, ta dawo da shi da furfura. Bai canja tambaya ba har ya koma ga Allah.

Amsar kuwa ban fahimce ta ba sai da ya yi ritaya ya dawo gida. Wata rana da hantsi na tarar da Adda tana faɗa a tsakar gida.

"Modibbo, zo ka ga yayanka," in ji ta, don haka suke kirana. "Ƙwaryar nonona ta aure, wadda innata ta ba ni, ita ya fasa wa ciki. Ya haɗa da faifaina. Mutum ya gama boko ya dawo yana wasan yara!"

Hamma yana zaune a kan turmi, ko a jikinsa. Ya ɗaure faifan a bakin ƙwaryar da tsirkiya ta gefe ɗaya, yana buɗuwa yana rufuwa. A can ƙasan ƙwaryar ya kafa tsofaffin sulalla biyu na zamanin da, suna fuskantar juna, da 'yar tazara a tsakani.

Ya ce, "Rabu da ita, Modibbo. Ba ni casbinka."

Na ba shi. Ya ce a cikin kashin shanu da cikin ƙasa akwai ƙananan halittu, bakteriya, waɗanda ido ba ya gani. Su kuma suna ƙera wani kayan aiki, masana suna ce wa irinsa inzayim, wannan kuwa sunansa yuriyes. Aikinsa ɗaya ne tak: ya kama yuriya, wadda ke cikin fitsari, wadda kuma ita ce farin takin nan da ake saye a buhu, ya tsaga ta. In ta tsage sai iska mai zarni ta fito ta tashi sama. Iskar nan kuwa ita ce ainihin abincin shuka. In babu wannan kayan aiki, yuriya tana iya shekaru ba ta tsage ba. In yana nan, kafin ƙiftawar ido ya gama da ɗaya ya kama wata.

Ya ɗaga casbin ya ce, "Shi wannan abu da farko haka yake, dogon zare mai 'ya'ya a jere, iri ashirin ake jerawa, kowanne da gurbinsa, kamar yadda kake jera baƙaƙe a kan allo." Sai ya dunƙule casbin a tafin hannunsa, ya bar rami a tsakiya. "Sa'an nan ya naɗe kansa. Ba naɗin banza ba. Kullum naɗi ɗaya, har rami ya fito. Ramin nan shi ne ƙwaryar Adda. A ƙasansa akwai ƙwayar ƙarfe biyu, nikel sunansa, irin wanda aka gauraya a sulallan nan. Yuriya ta shigo, ƙarafan su riƙe ta, faifai ya rufe, a tsaga ta da ɗigon ruwan da ke tsakaninsu, faifai ya buɗe. Kuma ba ya zama shi kaɗai, uku-uku suke haɗuwa kamar duwatsun murhu, kowanne da raminsa."

Na ce, "Hamma, ka ce ido ba ya gani. To kai ina ka gani?"

Ya ce, "In ka tarar da sawu a bakin rafi, ba ka ga saniya ba, amma za ka ce gurguwa ce, ƙafar hagu, kuma tana da ciki. Ƙarya ka yi?" Ya ce su sukan tace abin har ya yi tsabta, su lallashe shi ya daskare kamar ƙwayar gishiri. Lallashin nan shi ne wahala. Sai ka yi damina da rani kana leƙa 'yan ɗigon ruwa kowace safiya ba ka ga komai ba. In Allah ya sa ya daskare, sai a haska shi da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, hasken ya watse ya bar ɗigo-ɗigo. Ɗigon nan su ne sawu. Da su ake lissafa inda kowane ɗan casbi ya kwanta.

Na daɗe ina kallon ƙwaryar. Na karanta tun ina yaro cewa Allah bai halicci kome da wasa ba, na kuma koya wa wasu. Amma ban taɓa zaton cewa a cikin kashin saniyar da nake takawa akwai ƙofa mai murfi da ƙarfe biyu a jere ba. Na ce subhanallahi. Hamma ya ce, "Ni ma ranar da na fara ganin ƙarafan nan a fuskar kwamfuta, abin da na ce ke nan. Bature da ke kusa da ni ya zaci wani abu ya lalace."

Adda ta ce, "Ni dai subhanallahin ƙwaryata nake yi." Amma daga ranar ita ke goge ta, kuma ba ta bari kowa ya taɓa.

Ba shi ya fara ganin siffar abin nan ba, kuma bai taɓa cewa shi ne ba. In baƙo ya kambama shi, sai ya ce, "Mu da yawa ne, ni mai riƙe fitila ne." Aikinsa shi ne neman abin da zai tsayar da shi. Ya ce hanya biyu ce, kuma duka a ruga ya koyo su. In maraƙi ya mutu, uwar takan hana nono. Sai mu feɗe fatar mu cusa mata ciyawa, mu kai gabanta. Ta shinshina, ta lasa, hankalinta ya tafi can. To haka masana suke yi: su ƙera abin da ya yi kama da yuriya, inzayim ya karɓe shi da murna, ya shige rami, ya maƙale wa ƙarafan nan biyu, ya ƙi tsagewa, ya ƙi fita. Yuriyar gaske ta zo ta tarar an riga ta. Hanya ta biyu ita ce takunkumi, irin wanda muke sa wa maraƙi don kada ya sha: ka bar ramin, ka ɗaure faifan kada ya motsa.

"Ka samo?" na tambaye shi.

"Mun samo waɗanda ke aiki a kwalba. Wasu sun yi wa manomi tsada, wasu sun zama guba, wasu rana ɗaya a ƙasa sun lalace. Akwai wanda wasu suka yi ana shafa wa taki a ƙasashen waje, bai iso kasuwarmu ba. Na gwada itatuwan nan namu. 'Ya'yan dogon yaro in an daka suna rage masa hanzari, kaɗan dai, ba zan yi maka ƙarya ba. Babban magani shi ne ƙasa. In ka rufe, ko ya tsaga, iskar ba ta da hanya, ƙasa ta riƙe ta."

Wannan gaskiyar tasa ita nake alfahari da ita fiye da takardunsa. Masu sayar da magani sun zo su sa sunansa a jikin kwalba, ya kore su. Shekarar da cuta ta cinye citta, manoma suka cika ƙofarsa, ya fito ya ce, "Wannan ba fannina ba ne, ban sani ba." Ya shiga mota ya je ya ɗauko waɗanda suka sani.

Lokacin da ya dawo gida, al'adar kwanan shanu a gona ta mutu. Shekarun tashin hankali sun wuce ta kanmu, kowa ya binne nasa, kowa ya ja shinge. Ba zan buɗe wannan ba. Hamma bai kira taron sulhu ba. Ya ɗauki ƙwaryar Adda ya tafi gidan Ticha, suka zauna ƙarƙashin mangwaro suna zagin juna kamar yadda suka saba.

"Bafulatani, ka zo da ƙwarya ba nono?" in ji Ticha.

"Na zo in ga ko hedimasta zai iya zama ɗalibi. Gonarka ta rame kamar kai."

Da ranin nan shanunmu suka shiga gonar Ticha, amma da sabon tsari. Ba a barin garke wuri ɗaya. In sun ɗan kwana biyu a matsar da shinge, inda suka tashi a barbaɗa dakakkun 'ya'yan dogon yaro, a bi da fartanya a rufe da ƙasa tun da safe kafin rana ta yi zafi. Namu suna matsar da shinge, nasu suna rufewa. Dole a gaisa, dole a sha ruwa a buta ɗaya. Cittar da Ticha ya haƙa bayan haka, mutane sun zo kallo. Da Ticha ya rasu, Hamma ya tsaya a bakin coci har aka fito da shi, ya bi gawa har kabari. Da rani ya zo, kafin Mama ta yi magana, ya aika aka daka dogon yaro.

Yanzu sai rigimar, don ba zan zana shi babu tabo ba. Hamma yana da harshe.

Ɗan Ticha ya zo hutun Kirsimeti da baƙi daga birni. Gonar tana bayan gida. An yi rashin sa'a ba a rufe wani makwanci da wuri ba, zarni ya shiga har falo. Sai ya sa aka tattaro tokar murhun unguwa aka zuba a kai, kamar yadda ake yi wa masai. Kowa a nan ya san toka da kashe wari, ba wanda zai ga laifinsa. Hamma ya zo ya ga gona fari fat.

"Wa ya yi wannan ɓarna?"

"Ni ne, Baba. Wari ya dame mu."

Hamma ya sa aka kawo tukwane biyu. Ya zuba ɗanyen kashi da fitsarin shanu a kowacce. Ɗaya ya zuba toka, ɗaya ya sa dogon yaro ya bi da ƙasa, ya rufe su ya ajiye a rana. Da aka jima ya buɗe ta tokar ya miƙa wa ɗan Ticha. Ya kai hanci, ya ja baya yana tari, ido yana ruwa. Ta ƙasar kuwa ƙanshin ƙasa kawai.

"Toka ba ta kashe zarni," in ji Hamma. "Korarsa take yi gaba ɗaya. Gobe ba za ka ji wari ba, don babu sauran abin da zai yi wari. Ka kori takin uwarka na shekara guda saboda hancin baƙi."

Da ya tsaya nan da an rabu lafiya. Amma baƙin suna tsaye, wata budurwa ta ƙyalƙyale da dariya, Hamma kuma ya ƙara da cewa, "Ubanka ya kai ka makaranta, ya manta hancinka a gida."

Fuskar ɗan Ticha ta canja. Ya ce, "Baba, gonan ubana ne. Na gaji da shanu a bayan ɗakin mamana, dare ya yi ina Kaduna ba na barci." A nan ya faɗi maganar da na ambata, ta cewa ranar da babu Baba Dokta a nemi wani wuri.

Muna komawa gida na ce, "Hamma, ka yi gaskiya ka ɓata ta." Muka ƙetare rafi. Sa'an nan ya ce, "Yaron nan ba wari ke damunsa ba, tsoro ne, kuma yana da dalili. Ni kuma na kunyata shi gaban mace." Can kuma ya ce, "Ka lura da hannunsa? Tun da muka zo yana dafe da bakin cikinsa. Kuma na ga kanwa a aljihunsa."

Washegari ya je ba da haƙuri, ya tarar ɗan Ticha ya koma Kaduna. Sai ya zauna da Mama ya ce ta gaya wa ɗanta abu biyu. Na farko, tsoho ya yi kuskure. Na biyu, ya bar shan kanwa ya je asibiti a duba shi, don akwai wata bakteriya da ke zama a tumbin mutum tana haddasa gyambon ciki, kuma da wannan inzayim ɗin take kare kanta: ta tsaga yuriya ta lulluɓe jikinta da iskar nan, ruwan tsamin ciki ya kasa ƙona ta. "Ki ce masa abokin faɗana na shekara da shekaru yana cikin cikinsa, kuma wannan kam akwai maganinsa." Mama ta isar. Amsa ba ta zo ba.

Da damina ta sauka jikin Hamma ya fara ƙi. Bai yi doguwar jinya ba. Ranar da na ga ya daina ɗaga hanci in iska ta taso daga garke, na san tafiya ta zo. Ya kira Adda ya ce, "Ƙwaryarki, ki yafe mini." Ta ce, "Na yafe tun tuni, ɓarawo." Ya ce, "To ki ba ɗan Ticha." Ta ce, "Shi da ko gaisuwa?" Ya ce, "Ki ba shi dai." Ya cika da kalmar shahada a bakinsa, ina riƙe da hannunsa. Mama ce ta tafi da ƙwaryar, a naɗe cikin zane.

Aka tashi daga zaman makoki, baƙi suka watse, ɗan Ticha bai zo ba. Aka haƙe citta, gonaki suka buɗe, ciyawa ta fara bushewa. Ɗana ya je kudu ya dubo hanya ya dawo. Matarsa ta fara ɗaure kaya a hankali don kada in gani, ni kuma ina yi kamar ban gani ba. Na ce ko in je in roƙa. Adda ta ce, "Yayanka bai roƙa ba." Na yi alwala na kai ƙarata inda ake kaiwa.

Wata safiya mun gama tatsa, sai ga akori-kura tana tangaɗi a kan hanyar ruga, bayanta cike da buhuna. Ta tsaya. Ɗan Ticha ya fito, ya yi ƙiba kaɗan. Ya cire hula ya durƙusa.

"Baba Malam, sannu da haƙuri. Ban zo ba. Kunya ne ya hana ni."

"Ka zo yanzu, ɗana. Tashi."

Bai tashi ba. Ya ce, "Na je asibitin. Kun san me suka yi mini? Suka ba ni yuriya na sha. Yuriya, Baba, taki! Suka ce in hura iska a leda. Likita ya duba ya ce abin yana nan, ya tsaga shi a cikina. Na sha magani, yanzu har yaji ina ci. Na ce in na zo Kirsimeti zan gaya masa da bakina, ya yi mini dariya. Sai Mama ya kira ni ya ce Baba Dokta ya tafi." Ya goge fuska da hularsa. "Sai kuma ga ƙwarya. Yana kan teburina a ofis. Kowa ya shigo sai ya tambaya, ni kuma sai na buɗe faifai na yi bayani, kamar ni ne dokta."

Adda ta leƙo daga bukka ta ce, "Kana goge ta dai ko?"

"Kullum, Mama."

Ɗana yana tsaye da igiyar tatsa a hannu, yana kallonsa. Shi ba ƙwarya ta dame shi ba. Ni kuma ban tayar da maganar gona ba, don ba a tambayar mai ta'aziyya alfarma. Ɗan Ticha ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya dubi ɗana.

"Kai, Ardo, ka tsaya kana kallona kamar sanda. Zo ka kama mini. 'Ya'yan dogon yaro ne, na sa an tsinto a barikin Kaduna, can suna zuba ba mai so. Ban san yadda ake dakawa ba. Kuma tsoron nan yana nan, ban ce ya tafi ba. Shingen bana daga gefen rafi za a fara, nesa da ɗakin Mama, kuma lambanka zai zauna a wayana."

Ɗana ya ajiye igiya ya ce, "Toka fa? Ka taho da ita?"

"Ubanka!" in ji ɗan Ticha, sa'an nan ya tuna ina tsaye, ya kama baki. Na ce ba komai, uban ya ji, ya kuma yafe.

Shanu sun sauka gonar Ticha. Matar ɗana ta kwance kayanta, ni kuma na ci gaba da yi kamar ban ga an ɗaure ba. Ranar da aka fara matsar da shinge na bi su da sandata. Namu suna cire turaku, nasu suna bi da fartanya, Mama tana zaune a kan kujera tana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Da suka gama na tsaya a bakin gona, inda Hamma ke tsayawa. Na duba ba mai kallona, na ɗaga hanci na ja iska. Ƙasa na ji, da ɗacin dogon yaro. Babu abin da ke gudu.

Ya Allah, bawanka ya ƙare rayuwarsa yana leƙen ƙaramar ƙofa daga cikin ƙofofin halittarka, bai ga kome a ciki ba sai ya ambace ka. Ka gafarta masa kaifin harshensa, ka buɗe masa babbar ƙofar rahamarka. Ƙasar da ya ce tana riƙe abin da aka ba ta, ka sa ta riƙe mana shi da sauƙi. Amin.